FASHIN BAƘI: Wa'adin gyara gine-gine domin naƙasassu ya cika tun 2024, wa zai ba da bahasi a kan makarantu da asibitocin Beli?

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da dokar tarayya ta ɗibar wa masu gine-ginen jama'a ya cika. Tun daga lokacin, duk makaranta ko asibiti ko sakatariya ko banki da gurgu ba zai iya shiga da kekensa ba, ko makaho ba zai iya zirga-zirga a ciki ba sai da ɗan jagora, a idon doka mai wannan gini yana cikin laifi. Maganar ta yi tashe a Abuja na 'yan makonni, har shugabannin Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, NCPWD, suka yi barazanar garƙame gine-ginen da suka ƙi bin ƙa'ida.

Sai dai gine-ginen da talaka yake hulɗa da su kullum ba a Abuja suke ba. Suna mazaɓu irin Beli, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Rogo da ke yammacin Jihar Kano, inda jihar ta yi iyaka da Kaduna da Katsina. A irin wannan wuri, hukuma tana bayyana ne a siffar ajin firamare da ɗakin shan magani da rumfar zaɓe da kasuwar mako. Tambayar da ta dace a yi ita ce: wa doka ta ɗora wa alhakin gyara waɗannan wurare, a wace takarda ake rubuta shirin gyaran, kuma wa ake kai wa rahoton abin da aka yi da wanda aka bari?

Abin da dokar 2018 ta tanada

Dokar Haramta Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta zo ne bayan kusan shekara 20 ana kai gwauro ana kai mari tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa. Ta hana nuna wariya ga kowa saboda naƙasa, ta kuma sanya tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukuma, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu ga mutum ɗaya. Ta ce hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu wajen ganin aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu naƙasa ne. Ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta wajabta wa makarantun gwamnati samar da ƙwararren malami da kayan koyarwa na musamman, ta kuma ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar juna da majinyacin da ba ya ji ko ba ya magana.

Sassan da suka shafi gini su ne na 3 zuwa na 8, kuma biyu daga cikinsu sun fi sauran kaifi. Sashe na 7 ya ce kafin a aza tubalin duk wani ginin jama'a, sai hukumar da ke da alhaki ta duba zanensa, kuma jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa ƙa'idar gini zai iya fuskantar tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyu. Wato dokar ba ta tsaya kan ɗan kwangila ba, ta kai hannu har teburin wanda ya buga hatimi. Sashe na 8 kuwa ya ba mai naƙasa ikon sanar da hukumar da ke kula da wani wuri cewa akwai shingen da ke hana shi shiga. Idan an sanar da ita ta yi biris, kuma kotu ta same ta da laifi, za ta biya shi diyyar naira 10,000 a kan kowace rana da ta wuce ba a gyara ba. Idan mutum ɗaya ne, naira 5,000 a kullum ko ɗaurin wata shida. A lissafi, hukumar da ta yi shekara guda tana kunnen uwar shegu da takardar ƙorafi ta ɗauko wa kanta bashin naira miliyan 3 da dubu 650, kuɗin da a mafi yawan lokuta ya fi abin da gyaran kansa zai ci.

Ma'anar ginin jama'a a dokar tana da faɗi. Ba ta taƙaita ga ginin gwamnati ba, ta haɗa da duk ginin da aka buɗe domin amfanin jama'a, don haka asibitin kuɗi da makaranta mai zaman kanta su ma suna ciki.

Jihar Kano ma tana da tata dokar, wadda tsohon gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sanya wa hannu a 2018, tun kafin ta tarayya ta fara aiki. Filato ta riga kowa a 2005, Legas ta biyo baya a 2011. Samun dokar jiha yana da muhimmanci, domin lauyoyi sun daɗe suna muhawara kan iyakar ikon dokar tarayya a kan gine-ginen jihohi da ƙananan hukumomi. Ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman a Kano sun shafe shekarun da suka biyo baya suna kiran a kafa hukumar da za ta aiwatar da ita, saboda doka ba ta zagaya makarantu da kanta.

Giɓin da aka bari: babu tsari, babu rahoto

Wanda ya karanta dokar 2018 daga farko zuwa ƙarshe zai lura da wani abu da ba ya cikinta. Ta faɗi inda ake so a kai, ta faɗi ranar da za a kai, ta faɗi hukuncin wanda bai kai ba. Amma ba ta tilasta wa kowace ma'aikata ta rubuta yadda za ta kai ba, ba ta kuma ce ta riƙa bayyana wa jama'a inda ta tsaya duk shekara ba. Shekara biyar ɗin nan sun wuce ba tare da an nemi sakataren ilimi na wata ƙaramar hukuma ya lissafa ajujuwan da ke da matakala da waɗanda ke da gangara ba. Wa'adin da babu wanda ke ƙirga kwanakinsa, ranar cikarsa kawai ake tunawa da shi.

Wasu ƙasashen sun gane wannan tarko, suka gina dokokinsu a kan takarda mai maimaituwa. A Kanada, dokar da ta fara aiki a 2019 ta sanya ranar 1 ga Janairun 2040 a matsayin lokacin da ake so a kawar da shingayen, amma ba ta bar hukumomi su jira ranar ba. Kowace ma'aikatar tarayya da kowane banki ko kamfanin sufuri ko na sadarwa da ke ƙarƙashin ikon tarayya sai ya wallafa tsarinsa, ya sabunta shi duk shekara uku, a shekarun da ke tsakani kuma ya fitar da rahoton ci gaba. Dole ne ya buɗe hanyar karɓar ƙorafi, ya kuma bayyana a rahotonsa irin ƙorafin da ya samu da abin da ya yi a kai. Mafi muhimmanci, dole ne ya nuna yadda ya tuntuɓi masu naƙasa kafin ya rubuta tsarin. Ma'aikatun gwamnati sun miƙa nasu na farko zuwa ƙarshen Disambar 2022, manyan kamfanoni zuwa 1 ga Yunin 2023, ƙanana kuma zuwa 1 ga Yunin 2024, kuma tarar saɓawa tana iya kaiwa dalar Kanada 250,000. A Amurka, ƙa'idojin dokar 1990 sun sa duk hukumar gwamnati mai ma'aikata 50 ko fiye ta binciki kanta, ta rubuta jerin shingayen da ke gine-ginenta, da yadda za ta cire su, da jadawalin lokaci, da sunan jami'in da zai amsa tambaya.

Ba a ce waɗannan ƙasashe sun gama aikin ba. Lardin Ontario ya yi alkawari tun 2005 cewa zai kammala zuwa 2025, kuma masu bitar dokar da gwamnatin lardin ta naɗa da kanta sun sha cewa ana tafiyar hawainiya. Bambancin shi ne a can akwai takardar da za a kama mutum da ita.

Misalin da ya fi kusa da Najeriya shi ne Ghana. Dokarta ta 2006 ta ba masu gine-gine shekara 10, wa'adin ya cika a 2016, kuma akasarin gine-ginen suna nan yadda suke. Darasin yana gaban 'yan majalisar Najeriya lokacin da suke rubuta tasu, amma suka ɗauki irin wannan hanya, suka rage shekarun kawai. Abu guda da Ghana ta yi wanda ya cancanci dubawa shi ne ware wa masu naƙasa wani kaso daga asusun bai-ɗaya na gundumomi, abin da ya ba su hujjar zuwa ofishin gunduma su tambayi kuɗinsu.

A ƙarshen 2023, gab da cikar wa'adin, NCPWD ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa shiga gine-gine, waɗanda suka kawo batun duba gini da ba da takardar shaidar bin ƙa'ida. Mataki ne mai kyau, amma ya zo a makare, kuma hukumar da aka naɗa shugabanninta na farko a Agustan 2020, James Lalu yana sakataren zartarwa kafin Ayuba Gufwan ya gaje shi a 2024, ba ta da ma'aikatan da za su zagaye ƙananan hukumomi 774. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Duk tsarin da ya dogara ga zuwan mai duba gini daga Abuja, Beli za ta daɗe tana jira.

Ita kanta ƙasar ba ta da tarihin kirki a wajen ba da rahoto. Najeriya ta sanya hannu kan Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a Maris 2007, ta tabbatar da ita a Satumbar 2010. Sashe na 35 na yarjejeniyar ya ce a miƙa rahoton farko cikin shekara biyu, sannan a riƙa miƙawa aƙalla duk shekara huɗu. Rahoton da ya kamata ya isa Geneva a 2012 sai a 2021 ya isa.

Ginin ɗaya, iyayen gida da yawa

Abin da ke wahalar da bibiya a matakin mazaɓa shi ne kusan babu ginin da ke da uban gida ɗaya. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a, ya kuma sa su cikin samar da ilimin firamare da kiwon lafiya. (A jadawalin nan, wurin da ya fi kusa da ambaton masu naƙasa shi ne inda aka yi maganar gidajen gajiyayyu, a layi ɗaya da maƙabartu, abin da ke nuna irin kallon da aka yi musu lokacin rubuta shi.) Amma a aikace, sabon ajin firamare a Rogo ko Karaye yana iya fitowa daga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, SUBEB, ko daga aikin mazaɓa na ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Karaye da Rogo, ko daga ƙaramar hukuma, ko daga shirin da Bankin Duniya ke tallafawa, ko ma daga aljihun iyayen yara. Kowanne da zanensa da injiniyansa da mai sa masa hannu a takardar kammala aiki. Hukumar Tsara Birane ta Kano, KNUPDA, wadda aka fi sani da amincewa da zanen gini, ƙarfin aikinta ya fi yawa a birni da kewaye. Idan an gina aji ba gangara a ƙauye, gano jami'in da Sashe na 7 ke magana a kansa aiki ne na musamman.

Duk da haka, ba gaskiya ba ne a ce babu takardun tsari a waɗannan wurare. Akwai su, kuma ana cike su a kai a kai, domin kuɗi ba ya fitowa sai da su.

A ɓangaren ilimi, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC. Rabin wannan kuɗi ana raba shi ga jihohi ne bisa sharaɗin su kawo nasu kason, su kuma gabatar da jadawalin ayyukan da za su yi, makaranta bayan makaranta, wanda sai UBEC ta amince da shi. Akwai kuma kashi 2 cikin 100 na asusun da aka keɓe wa ilimin yara masu buƙata ta musamman. A shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kano na cikin jihohi bakwai na farko, kuma kuɗin gyaran makaranta yana bi ne ta hannun kwamitin kula da makaranta na SBMC bayan ya rubuta tsarin inganta makarantarsa.

A ɓangaren lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da manufar samun cibiyar lafiya mai aiki aƙalla guda a kowace mazaɓa. Cibiyar da ke cikin shirin tana karɓar kuɗi kai tsaye a asusunta duk wata uku, bayan ta rubuta tsarin kashe su tare da kwamitin ci gaban mazaɓa, kuma ƙananan gyare-gyaren gini suna cikin abin da aka yarda a yi da kuɗin.

A nan ne maganar take. Ba sai an jira sabuwar doka ko sabuwar hukuma ba kafin a fara tsari da rahoto. Idan SUBEB da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano suka ƙara 'yan tambayoyi a fom ɗin da shugaban makaranta da jami'in asibiti suke cikewa tun da ma, wato ko keke na iya shiga, ko akwai banɗakin da mai keke zai yi amfani da shi, yara nawa ko majinyata nawa masu naƙasa aka gani, me aka gyara a wannan zango, to cikin shekara guda jihar za ta mallaki abin da dokar tarayya ta kasa samarwa a shekara biyar. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, shugabanninsu ma uzurinsu ya ragu, aƙalla a takarda, a kan kasuwa da tasha da sakatariya.

Mutum nawa ake magana a kai?

Ba a iya tsara wa mutanen da ba a ƙirga ba, kuma alƙaluman Najeriya a wannan fage sun yi hannun riga da juna. Ƙidayar 2006 ta samu masu naƙasa kimanin miliyan 3.25, wato kusan kashi 2.3 cikin 100. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano kashi 7 cikin 100 na 'yan shekara biyar zuwa sama suna da wata matsala a gani ko ji ko magana ko tunani ko tafiya ko kula da kai, kashi 1 kuma matsalarsu mai tsanani ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, wato biliyan 1.3. Ita kuwa NCPWD ta sha ambaton fiye da miliyan 35.

Rogo tana da mutum 227,742 a ƙidayar 2006. Idan aka auna wannan adadi da ma'aunin ƙidayar, za a samu mutum 5,000 da 'yan kai. Idan aka auna shi da na Hukumar Lafiya ta Duniya, za a haura 36,000. Tazarar ta ninka kusan sau bakwai, kuma asalinta yana cikin yadda ake yin tambayar. Idan mai ƙidaya ya tambayi magidanci ko akwai naƙasasshe a gidansa, zai tuna da gurgu ko makaho, watakila ma ya ɓoye. Ba zai ambaci tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani ba, ko yaron da ciwon sanƙarau ya tafi da jinsa, ko manomin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Amma idan aka tambaye shi ko akwai wanda hawa matakala ke yi wa wuya, amsar za ta canza.

Kano tana da dalili na musamman na ɗaukar wannan ƙidaya da muhimmanci. Jihar ta daɗe tana cikin wuraren da shan inna ya fi ƙamari a duniya, musamman bayan dakatar da allurar rigakafi a 2003 zuwa 2004. An ga mai ɗauke da nau'in cutar na daji na ƙarshe a jihar a Yulin 2014 a Sumaila, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'i a Agustan 2020. Yaran da cutar ta shanye wa ƙafafu a waɗannan shekaru yanzu samari ne da 'yan mata, wasu magidanta, wasu suna zuwa awon ciki. An kashe maƙudan kuɗi wajen bin gida-gida domin ɗiga musu magani, kuma tsarin ya san kowace unguwa da kowace ruga. Irin wannan bin diddigi bai biyo waɗanda cutar ta riga ta kama ba.

Hukumar da ta gwada ƙirgawa har matakin rumfa ita ce INEC. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta mata tallafa wa masu naƙasa a wurin zaɓe, kuma a 2023 ta raba allon rubutun makafi da ake ɗora wa takardar ƙuri'a, da gilashin ƙara girman rubutu domin zabiya, da fastocin bayani domin kurame. Ta kuma samar da fom mai lamba EC40H, wanda malamin zaɓe zai rubuta adadin masu naƙasa da suka zo rumfarsa da irin naƙasarsu. Wannan shi ne rahoto na gaskiya, mai tashi daga ƙasa zuwa sama. Amma rajistar zaɓen ta nuna masu naƙasa 85,362 kacal cikin masu zaɓe 93,469,008, ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu. Da wannan adadi aka raba kayan, don haka rumfuna da yawa ba su samu abin da masu zaɓensu ke buƙata ba. Kuma da yake rumfunan karkara galibi a harabar firamare suke, matakalar da ta hana yaro shiga aji ita ce ke tare mahaifinsa ranar zaɓe.

Abin da tsari na gaskiya ya ƙunsa

Gine-ginen gwamnati a karkarar Kano ana ɗaga su ne a kan dakali saboda ruwan damina, kuma hikima ce. Matsalar tana wajen hawa. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita a duniya ita ce gangara ta yi tsawon mita 12 a kan kowace mita ɗaya ta tsayi. Baranda mai matakala uku, kowace santimita 15, tana buƙatar gangara mai tsawon mita 5.4. Abin da aka saba gani shi ne birkila ya zuba siminti a kan matakalar yadda take, a samu wani tudu mai santsi da ko mai ƙafa biyu sai ya yi hattara. A takardar kammala aiki an rubuta akwai gangara, kuma ba a yi ƙarya ba. Shi ya sa rahoton da ya tsaya a kan akwai ko babu ba ya wadatarwa, sai an sa awo, kuma sai mai keke ya hau da kansa kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe.

Bayan gangara akwai faɗin ƙofa, wanda ake so ya kai kusan santimita 90. Akwai hanyar da ta taso daga bakin titi zuwa ginin, domin gangara mai kyau a tsakiyar yashi ko bayan kwata marar murfi ba ta da amfani. Akwai masai, wanda shi ne ke korar yara masu rarrafe daga makaranta fiye da komai, musamman 'yan mata, tun da ba wanda zai so ya dafa ƙasan masan makaranta da hannunsa. Akwai tsayin gadon haihuwa da na awo. Rahoton naƙasa na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan aka sa waɗannan tun a zane, abin da suke ƙarawa a kuɗin sabon gini kimanin kashi 1 cikin 100 ne. Fasawa a gyara daga baya ne ke da tsada.

Sannan ba kowane shinge ne na siminti ba. Kurma da ya je asibiti ba gangara yake nema ba, wanda zai fahimce shi yake nema. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda ya bambanta da salon Amurka da ake koyarwa a makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, don haka tafintan da ya yi karatu a birni ba lallai ne ya gane kurman ƙauye da bai shiga aji ba. Tsarin da aka rubuta a ofis ba tare da an tambayi masu abin ba, ba zai taɓa hango wannan ba.

Tuntuɓar kuwa ba ta da wuya a ƙasar Kano, domin masu naƙasa suna da shugabanci tun kafin zuwan ƙungiyoyin zamani. Sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare tsofaffi ne, masu su sun san mutanensu gida-gida, kuma suna da hanyar isa ga dagaci da hakimi. Masarautar Karaye, kamar yadda dokar Yulin 2024 ta sake fasalta ta, ta ƙunshi Karaye da Rogo ne daidai. Ga kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar JONAPWD, da ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa a Kano ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, wadda ta shahara da ƙera kekunan guragu, ta san faɗin keke da irin hanyar da yake iya bi fiye da yawancin masu zanen gini. Abin lura kawai shi ne waɗannan sarautu maza ne suka mamaye su, don haka matan da ke fama da gadon haihuwa da masan makaranta sai an nemi jin ta bakinsu daban.

Ƙofofin da ke buɗe ga mai ƙorafi

Kafin hukumomi su gyara fom ɗinsu, mazaunin Beli yana da makamai biyu a doka. Na farko shi ne Sashe na 8. Sanarwar baki tana bin iska, don haka a rubuta takarda da kwanan wata, a faɗi ginin da shingen da ke cikinsa, a kai ofishin da ke kula da wurin, sakataren ilimi idan firamare ce, shugaban sashen lafiya idan asibiti ne, shugaban ƙaramar hukuma idan kasuwa ce ko tasha, a kuma karɓi kwafi mai hatimin shaidar karɓa. Wannan kwafi ne hujjar ranar da aka sanar, idan magana ta kai kotu.

Na biyu shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar bayani, kuma mai nema ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba sai sun yi tasu, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta yanke cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Da wannan doka, ƙungiyar guragu ko kwamitin SBMC ko ɗan jarida na iya neman zanen da aka amince da shi na wani aji da aka gina bayan Janairun 2019, da jerin kayan aikin da aka biya kuɗinsu, da takardar kammala aiki. Idan an biya kuɗin gangara ba a gina ba, magana ta zama ta hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar. Idan kuwa tun a zanen babu ita, to sunan jami'in da Sashe na 7 ke nufi yana ƙasan takardar, kusa da hatimi.